Sake Ɗura Harsashin Raifal: Tambayoyin Masu Farawa da Amsoshinsu

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu sha'awar sake ɗura harsashi suka fi maimaitawa, musamman mafarauta da masu wasan harbi da ke da lasisi. Ba za ka ga adadin albarushi na kowane harsashi a nan ba, kuma da gangan aka bar shi. Dalilin yana cikin amsa ta huɗu.

Mene ne sake ɗura harsashi, kuma me ya sa mutane suke yin sa?

Harsashin raifal abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, da firaima, wato 'yar hular da ke gindin kwanso wadda ke tada wuta idan allurar bindiga ta buge ta, da albarushi, sai kan harsashi da ke fita ta bututu. Idan an harba, uku sun tafi, kwanso ne kaɗai ke saura, kuma sau da yawa shi ya fi sauran tsada. Sake ɗuri shi ne a tsabtace kwanson nan, a matse shi ya koma girmansa, a sa masa sabuwar firaima, a auna albarushi a zuba, a dasa sabon kai.

Wasu don rage kashe kuɗi suke shiga, ko da yake kayan aikin na cin kuɗi kafin a ga riba, kuma mai ɗurin kansa yakan ƙara yawan harbi har ribar ta narke. Wasu tsohuwar bindiga gare su wadda harsashinta ya yi wuyar samu. Mafi yawan waɗanda suka daɗe a harkar kuwa daidaito suke nema: harsashin da aka auna shi da bindiga guda ɗaya tak.

Doka ta yarda da shi?

Ya danganta da ƙasa, kuma bambancin babba ne. A Amurka mutum na iya ɗura wa kansa ba tare da lasisin tarayya ba, amma mai ɗurawa don sayarwa sai da lasisi. A Jamus sai an yi kwas an ci jarrabawa an karɓi izini a ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa kafin a sayar wa mutum albarushi. A ƙasashe da yawa kuwa haɗa harsashi a gida laifi ne mai ɗauri, ko da mutum yana da lasisin riƙe bindiga. Lasisin bindiga daban, izinin ɗuri daban. Ka tambayi hukumar da ke ba da lasisi a ƙasarka kafin ka sayi ko da sikeli ne.

Wane kayan aiki mai farawa yake bukata?

Injin matsi mai aiki ɗaya a lokaci ɗaya, da saitin dayi na irin harsashinka (ƙarafan nan masu rami da ake ɗaurawa a kan injin, ɗaya na matse kwanso, ɗaya na dasa kai), da mariƙin gindin kwanso, da sikelin albarushi tare da duwatsun gwada shi, da kalifa mai auna har kashi ɗaya cikin dubu na inci, da abin datse tsawon kwanso, da man shafa wa kwanso, da mazurari, da faranti mai ramuka na jera kwansuna, da tabarau na kare ido. Sai abin cire kai daga harsashin da aka yi kuskure a kansa, wanda mutane ke mantawa har ranar da suka bukace shi.

Akwai injin da ke yin matakai da yawa a jan hannu ɗaya. Mai farawa ya ƙyale shi tukuna. Saurinsa na nufin abubuwa huɗu ko biyar na faruwa lokaci guda, ido kuwa ɗaya kawai yake iya bi.

A ina zan sami adadin albarushin da zan zuba?

A littafin ɗuri na kamfanonin da ke ƙera kawunan harsashi ko kayan aiki, irin su Hornady, Sierra, Speer, Nosler da Lyman, ko a bayanan da masu albarushi kamar Hodgdon, Alliant da Vihtavuori suke wallafawa da kansu. Waɗannan sun gwada kowane haɗi a bututu mai na'urar auna matsi, wato ƙarfin iskar wutar da ke tasowa a cikin bututu lokacin harbi. Wanda ya rubuto maka adadi a intanet ba shi da wannan na'urar, bindigarsa ba taka ba ce, kuma ba ka san ko yatsansa ya zame ya buga 5 a madadin 4 ba. Ka duba aƙalla majiya biyu. In sun saɓa, ka bi mai ƙaramin adadi.

Kowane jadawali yana ba da adadin farawa da adadin ƙarshe. Daga na farawa ake tashi, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ana harba 'yan ƙwayoyi a kowane mataki ana duba kwansunan. Idan littafi bai ba da na farawa ba, ƙa'idar da aka saba ita ce a rage kashi 10 cikin ɗari daga na ƙarshe. Adadin ƙarshe iyaka ce, ba wurin da ake son kaiwa ba. Sau da yawa ma harsashi ya fi daidaito kafin a isa can. Ma'aunin da ake amfani da shi giren ne: giren 7,000 ke cikin fam ɗaya, giren ɗaya kuwa kusan giram 0.065 ne. Sikelin da ke iya nuna giram da giren duka, ka tabbatar a kan wanne yake kafin ka zuba komai.

Ka kuma kula da suna sosai. IMR 4350 da H4350 da Accurate 4350 lamba ɗaya ce, albarushi uku ne, kowanne da jadawalinsa. Haka IMR 4895 da H4895. Albarushin ƙaramar bindiga ta hannu yana ci da sauri matuƙa. In aka cika kwanson raifal da shi bisa kuskure, bindigar tarwatsewa take yi. Shi ya sa gwangwani ɗaya kawai ake ajiyewa a kan tebur, kuma da an gama a mayar da ragowar cikinsa nan take.

Wane irin matsi ake magana a kai, da har ake wannan taka-tsantsan?

Hukumar SAAMI ta Amurka, wadda aka kafa a 1926, ta sa iyakar matsin harsashin .308 Winchester a fam 62,000 kan kowane murabba'in inci, .30-06 a 60,000, .223 Remington a 55,000. A Turai hukumar C.I.P. ce ke wannan aiki tun 1914. Wannan matsi yana tashi ya sauka cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, a tazarar da ba ta kai taƙi ɗaya daga fuskarka ba, kuma abin da ke toshe shi ta baya siririyar tagulla ce.

Abin da ke yaudarar mai farawa shi ne matsi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da albarushi. In an kusa iyaka, ƙarin da bai taka kara ya karya ba yana iya ɗaga matsi ninkin abin da ya ƙara wa gudu. Zafin rana ma na ƙara shi: ɗurin da ya yi lafiya da sanyin safiya zai iya wuce iyaka in harsashin ya sha rana ko ya jima a cikin bututu mai zafi.

Albarushin zamani marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya fara samarwa a Faransa a 1884, ba ɗaya yake da baƙin albarushi na zamanin da ba. Ba a zuba shi a bindigar da aka ƙera don baƙin albarushi, kuma ba a auna su da mudu ɗaya.

Yaya zan san faɗin kan harsashin da ya dace da bindigata? Ba sunan ne ke nunawa ba?

Sunan bai isa ba, kuma nan ne aka fi samun ruɗani. Cikin bututun raifal akwai tsagogi masu murɗawa, wato tudu da kwari. Wani harsashi an raɗa masa suna da faɗin tudu zuwa tudu, wani da kwari zuwa kwari, wani kuma sunan kasuwa ne kawai. Kan harsashi dai dole ya yi daidai da faɗin kwari, don tudun ya kama shi ya murɗa shi, iskar wuta kuma kada ta sulale ta gefensa.

.308 Winchester da .30-06 da .300 Winchester Magnum duk kai mai faɗin inci 0.308 suke ɗauka. .303 British kuwa, duk da lambarsa ta fi ƙanƙanta, kansa ya fi kauri, 0.311 zuwa 0.312. .223 Remington yana ɗaukar 0.224, .270 Winchester 0.277, dangin milimita 7 kuwa 0.284, na 6.5 kuma 0.264. Lambar 7.62 ma ba ta da tabbas: 7.62×51 yana ɗaukar 0.308, amma 7.62×39 da 7.62×54R na Rasha sun fi kusa da 0.311. Misalin da ya fi ban tsoro shi ne 8×57 na Mauser. Na farko kansa 0.318 ne, a 1905 sojojin Jamus suka koma 0.323, wanda ake yi wa alama da harafin S, kuma har yau akwai tsofaffin bindigogin farauta masu ƙaramin bututun. Tura kai mai kauri cikin bututu mai matsatsi yana ɗaga matsi. Kai siriri a bututu mai faɗi kuwa yana watsa harbi.

Ka karanta abin da aka buga a jikin bututu, ka karanta kwalin kawunan, sannan ka auna 'yan ƙwayoyi da kalifa. In bindigar tsohuwa ce, ko ta soja da aka sake wa fasali, ko rubutun ya goge, maƙerin bindiga mai lasisi zai iya auna bututun ya kuma zuba samfurin mazaunin harsashi ya gaya maka ainihin abin da take ci.

In faɗi ɗaya ne, nauyi ɗaya, zan iya musanya kan wani kamfani da na wani?

Za ka iya, amma sai ka koma adadin farawa. Kawuna biyu masu giren 150 na iya bambanta a tsawon jikin da ke gogar bututu, da taurin rigar jan ƙarfen da ke lulluɓe da dalmar, da siffar gindi. Wanda aka yi da zallar jan ƙarfe ya fi mai dalma tsawo a nauyi ɗaya, don haka yana cin wuri a cikin kwanso, kuma yana da nasa jadawalin. Wannan ƙa'ida ta shafi komai: sabon kwanso, sabuwar firaima, har sabon gwangwanin albarushi mai lambar rukuni daban. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, a rubuta shi.

Bindiga mai magazin na bututu, irin Winchester 94 mai cin .30-30, tana jera harsasai hancin wannan a kan firaimar wancan. Ba a sa mata kai mai tsinin ƙarfe. Mai faffaɗan hanci ko mai zagaye ake sa wa, ko wanda aka ƙera da hanci mai laushi musamman don ita, kuma a danne bakin kwanso ya riƙe kan.

Yaya zurfin da zan dasa kan harsashi?

Littafi yana ba da tsawon harsashi gaba ɗaya wanda aka yi gwajin da shi. Mai farawa ya tsaya a nan. Iyakar tsawon .308 Winchester inci 2.810 ne, na .223 Remington 2.260, na .30-06 kuma 3.340, amma kowane irin kai yana da tsawon da aka ba shi a jadawali, wanda sau da yawa bai kai iyakar ba.

Hatsari yana ɓangare biyu. In ka dasa shi ya nutse sosai, ka rage wa albarushi wuri, sai matsi ya ƙaru. In ka bar shi ya yi tsawo har kafaɗarsa ta dafa tudun bututu, ba shi da filin ɗaukar gudu kafin ya fara cizon ƙarfe, sai matsi ya yi tsalle. Ban da haka, in ka buɗe sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a mazauninsa ta baya, ba ka harba ba, kan na iya maƙalewa a bututu, kwanso ya fito ya zubar da albarushi cikin bindiga. Masu neman daidaito sukan auna inda tudun ya fara a bindigarsu, sannan su ja baya kamar 0.020 na inci. Kawunan zallar jan ƙarfe sun fi son tazarar da ta fi haka. Wannan aunawar ta bindiga ɗaya ce da kai iri ɗaya, ba ta hawa kan wata. Kuma awon daga gindi zuwa kafaɗar kai ya fi na zuwa tsini aminci, don tsinin kawuna ba ya zuwa daidai ko a kwali ɗaya.

Dabara mai sauƙi: ka haɗa harsashin gwaji marar firaima marar albarushi, ka ga ko ya shiga magazin, sakata kuma ta rufe ba tare da dannawa ba. Ka shafa wa kan baƙin alƙalami. In ya fito da sawun tudu, ya yi tsawo.

Faɗin daidai ne, amma harbin na faɗa wa takarda a karkace. Me ya jawo?

Murɗin bututun bai isa ya tsayar da kan ba. Ana rubuta shi kamar 1:12, wato juyi ɗaya a inci 12. Tsawon kai ne ke neman murɗi mai sauri, ba nauyinsa kai tsaye ba. A .223, bututu mai 1:12 yana riƙe kai mai giren 55 lafiya, amma mai giren 77 sai 1:8 ko 1:7. Kwalin kawuna masu tsawo yakan faɗi murɗin da suke bukata. Ƙara albarushi ba ya gyara wannan.

Me ya sa sai an matse kwanso an kuma datse shi?

Lokacin harbi kwanso na kumbura ya cika mazauninsa, wuyansa ya buɗe. Dayi yana mayar da shi, amma tagullar da aka matse sai ta miƙe ta gaba, kwanson ya ƙara tsawo. In ya wuce iyaka, bakinsa zai cusa cikin maƙogwaron bututu ya shaƙe kan harsashi, ya hana shi fita a kan lokaci. Iyakar kwanson .308 inci 2.015 ne, akan datse shi zuwa 2.005; na .223 kuwa 1.760. Bayan matsewa ake aunawa, ba kafin ba.

Kada kuma a tura kafaɗar kwanso baya fiye da kima. In kwanso ya yi sako-sako a mazauninsa, kowane harbi zai ja shi ya miƙe daga kusa da gindi har wurin ya sirance. A bindiga mai sakata, tura kafaɗa kamar 0.002 na inci ya wadatar. Bindiga mai sarrafa kanta tana bukatar ɗan fiye da haka don ta rufe sosai. Man kwanso kuwa kaɗan ake shafawa: babu shi kwanso ya maƙale a dayi, in ya yi yawa kafaɗa ta lotsa. A goge shi tas kafin harbi, don kwanso mai santsi ba ya kama bango, sai ya jibga wa sakata nauyin duka.

Sau nawa kwanso ɗaya zai yi?

Babu adadi guda. Zafin ɗuri da yadda ake matse shi ne ke yanke hukunci. Ka yar da shi in wuyansa ya tsage, ko firaima ta shiga raminta ba tare da wata turjiya ba, ko ka ga zobe mai ƙyalli ɗan sama da gindi. Ka lanƙwasa bakin siririyar waya ka shafa cikin kwanson. In ta ji kwari a wurin, gindin na gab da rabuwa. Dalilin yana cikin amsar da ta gabata.

Kwansunan soja sukan fi kauri, cikinsu ya fi ƙanƙanta, don haka adadi ɗaya ya fi ba da matsi a cikinsu. Ka kuma leƙa ciki da tocila: rami ɗaya a tsakiya shi ne tsarin Boxer, wanda kayan aikin yau da kullum ke iya cire firaimarsa. Ramuka biyu a gefe tsarin Berdan ne, zai karya maka allurar dayi. Abin dariya, Edward Boxer Bature ne ɗan Ingila amma tsarinsa a Amurka ya yi kasuwa, Hiram Berdan Ba'amurke ne amma nasa Turai ta runguma.

Me ya kamata in sani game da firaima?

Ita ce kaɗai abin da bugu ke tayarwa a kan teburinka. Akwai babba da ƙarama, akwai ta raifal da ta ƙaramar bindiga, akwai mai ƙarin ƙarfi. Wadda jadawali ya ambata ita ake sa wa. Ta zauna har ƙasan raminta, ta ɗan nutse ƙasa da fuskar gindi, yadda yatsa zai ji. Wadda ta ɗago tana iya tashi tun sakata ba ta gama rufewa ba. In ta ƙi shiga kada ka tilasta, kada kuma ka ƙara danna ta a harsashin da riga an zuba masa albarushi. A cikin farantinta na asali ake ajiye ta. In aka juye su wuri ɗaya a kwalba, tashin ɗaya tashin duka ne. Tabarau a ido duk lokacin da kake taɓa ta.

Waɗanne alamu ne ke nuna matsi ya yi yawa?

Sakata ta yi nauyin ɗagawa, gindin kwanso ya ɗauki tambari mai ƙyalli daga fuskar sakata, firaima ta baje ta cika raminta ko ta huje ko ta faɗo, baƙin hayaƙi ya zagaye ta. Na'urar auna gudu ma shaida ce: in kana samun gudun da ya wuce na littafi da bututu mai tsawo ɗaya, to matsinka ma ya wuce. Da ka ga ɗaya daga ciki ka tsaya, ka warware sauran harsasan a gida.

Sai dai kada ka dogara da rashin alama. Sau da yawa tagulla ba ta fara nuna komai sai an riga an haye iyaka, firaimomi kuma taurinsu ya bambanta. Kwanso mai kyan gani ba izinin wuce adadin littafi ba ne.

To in na rage albarushi sosai, ai na tsira?

A'a. Ƙasa da adadin farawa, musamman da albarushi mai jinkirin ci a babban kwanso, wutar na kamawa ba daidai ba: wani lokaci jinkiri, wani lokaci matsi mai tsalle. Mai son ɗuri mai sauƙi ya nemi jadawalin da aka wallafa don haka.

Mafi muni shi ne kwanson da aka tsallake ba a zuba masa komai ba. Ƙarfin firaima kaɗai na iya tura kai ya tsaya a cikin bututu, harbi na gaba ya same shi a can. In ƙara ta yi rauni ko ba ka ji dukan kafaɗa ba, ka sauke harsashi, ka cire sakata, ka leƙa bututu daga baya. In ka ja kunama ba ta tashi ba, ka bar bakin bindiga yana kallon wurin harbi na daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. Maganin tsallake kuwa a tebur yake: bayan zuba albarushi, ka haska kwansunan da ke jere da tocila ka ga tsayinsa ɗaya a kowanne kafin ka dasa kai ko ɗaya.

Yaya ake ajiye albarushi, kuma akwai illa ga lafiya?

A gwangwaninsa na asali mai lakabi, wuri mai sanyi marar laima, nesa da wuta da yara, kuma ba tare da firaima ba. Kada a kulle shi a akwatin ƙarfe mai ƙarfi: a sarari ci yake da wuta, a kulle kuwa fashewa. In ya fara wari mai yaji ko ya fitar da jan ƙura kamar tsatsa, ya lalace. Wanda ya zube a share shi da tsintsiya, ba da injin zuƙar ƙura ba. Wanda ba a san sunansa ba, ko ya gauraya da wani, ba a amfani da shi. Ƙasashe da yawa sun kuma ƙayyade yawan da za a iya ajiyewa a gida.

Dalma ita ce illar da ba a gani. Yawancin firaimomi na ɗauke da sinadarinta, tana kuma taruwa a ƙurar injin goge kwanso. Ba ci, ba sha, ba taba a wurin aiki, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, yara da masu juna biyu su nisanci ƙurar.

Wani ya ba ni harsasan da ya ɗura. In harba?

Kada ka harba. Ko da gwani ne, da bindigarsa ya auna su: tsawonsu, kafaɗarsu da adadinsu duk nata ne, kamar yadda aka bayyana a amsar zurfin dasa kai. In ba ka son asarar kayan, ka cire kawunan, ka zubar da albarushin ta hanyar da doka ta tanada, ka binciki kwansunan ka sake ɗura su da naka bayanan.

Naka ma kowane kwali ya ɗauki takarda: irin harsashi, kai da nauyinsa, albarushi da adadinsa, firaima, tsawo, kwanan wata, da bindigar da aka yi wa. Masu bindiga fiye da ɗaya su ƙara kula da .300 Blackout, wanda ke iya shiga mazaunin .223 sakata ta rufe a kansa, alhali kansa 0.308 ne bututun kuwa na 0.224. Kada su haɗu a jaka ɗaya ko magazin iri ɗaya marar alama.